Haƙoran da Ba Su Fito wa Labaran Ba

Duk wanda ya saba shiga motar Bassam daga Treichville ya san tukubar Labaran, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana nan a bakin wani lungu da ke shiga unguwar Arras, tsakanin mai facin taya da shagon wata mata mai sayar da bokitai. Da an sallame la'asar hayaƙi zai fara tashi, kafin ka ce me mutane sun kewaye ta. Mutanen Abidjan suna kiran gasasshen naman Hausawa shukuya, amma na Labaran direbobin tasha sun ƙara masa suna, wai shukuyar tsofaffi. Dalilin sunan yana cikin bakin mai tukubar.

An haifi Labaran a Adjame shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai. Mahaifinsa, Malam Abdulmutallib, mahauci ne da ya zo daga ƙasar Sakkwato tun yana saurayi, ya kafa tukuba kusa da babbar kasuwa. Daga baya suka koma Williamsville, cikin wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna goma sha biyu, ga Jula, ga Mosi, ga Baule, kowa da murhunsa a ƙofar ɗakinsa. Nan Labaran ya tashi.

Har ya kai shekara bakwai ba wanda ya ga wani abu a tare da shi. Sai lokacin famfara ya zo. Sa'o'insa haƙoransu suka riƙa zuba, bayan wata ɗaya ko biyu sababbi su leƙo, manya-manya kamar ba nasu ba. Shi ma na gabansa biyu na ƙasa suka faɗi, ya yi ta murna yana tura harshe a giɓin. Wata uku, wata shida, shekara, shiru. Can ciki ma, inda turame ke fito wa yara, dasashi ne kawai sumul.

Matan gidan kowa da abin da ta faɗa. Wata ta ce ai ƙadangare ne ya ga giɓin. Wata ta ce a dinga goga masa gishiri da gawayi. Malam Abdulmutallib bai bar komai ba: ya karɓo rubutu, ya kawo saiwoyi daga wajen masu magani, har ƙashin awazar rago ya riƙa ba shi ya gwaigwaya, wai ko dasashin zai tuna aikinsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya zaro tsinken tsire mai zafi ya miƙa wa ɗansa, ya ga yaron yana juya tsoka ɗaya a baki har ta yi fari, daga ƙarshe ya faki ido ya tofar.

Mahaifiyarsa Zalihatu kuwa ba ta taɓa cewa uffan a kan maganar ba. Mace ce marar hayaniya, in abu ya ba ta dariya sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Kullum in maigidan ya kawo nama, sai ta ware wani ta dafa shi har ya saki, ta daka a turmi, ta soya masa dambu da albasa. Ta san daidai inda za ta tsaya da dakan, ta san wane ɓangaren rago ne ba ya da jijiya. Ita kanta ba ta cin nama. Ta ce auren mahauci ya sa ƙamshinsa ya ginshe ta.

A lekol, wato makarantar boko, yara suka laƙaba masa "le vieux", wato tsoho. Ya koyi Faransanci, ya koyi lissafi, ya kuma koyi kai hannu baki duk lokacin da zai yi magana. Da ya gama firamare ya ce shi kam ya isa, ya koma tukubar mahaifinsa. Yana da shekara sha biyar ya taɓa ƙirga haƙoransa a gaban wani fasasshen madubi, ya samu sha bakwai, wasu ma na yarinta ne da suka ƙi faɗuwa, 'yan ƙanana kamar tsabar shinkafa.

A wajen mahaifinsa ya koyi sana'ar tas: yadda ake fiɗa, yadda ake bin tsoka da wuƙa, yadda ake haɗa yaji da ƙuli, yadda ake sanin wuta da tafin hannu. Abu ɗaya ne ya gagare shi, ɗanɗana abin da ya gasa. To mutum ba ya yini a kan nama da yunwa. Sai ya fara ware 'yan yankoki don kansa. Ya yanka su sirara a kan tsallaken tsoka, ya bar su su sha wuta kaɗan, sannan ya naɗe su a takarda mai kauri da albasa da tumatir da ɗan kitse, ya tura can gefen tukuba inda wuta ba ta da ƙarfi, ya manta da su awa biyu. In ya buɗe, naman na rabuwa da kansa.

Wata rana wani tsohon ɗan dako da bakinsa ya zama wawulo ya tsaya yana kallonsa yana ci.

"Samari, wannan na sayarwa ne?"

"A'a Baba, nawa ne. Amma bismilla."

Tsohon ya ɗauki yanka ɗaya, ya sa a baki, ya rufe ido. Ya ce rabonsa da gasasshen nama shekara tara. Washegari ya dawo da abokansa biyu.

Bayan rasuwar mahaifinsa, Labaran ya bar wa ƙannen uban tukubar Adjame, ya haye gada ya kafa tasa a Treichville, kusa da tashar Bassam. Nan ya mayar da naman takarda ya zama shi ne sana'ar. Dokarsa ɗaya ce: duk ƙunshin da zai sauke sai ya fara sa yanka ɗaya a bakinsa. In ya ci ba tare da wahala ba, ya yi. In ya tsaya masa, a mayar. Tsofaffin mata masu komawa Bassam suka riƙa saye suna tusawa a jaka, masu jinya suna kai wa marasa lafiya, matasa masu haƙora talatin da biyu ma suka gane daɗinsa suka shiga layi.

Cikin masu zuwa akwai wata budurwa mai ɗinki a Arras, Ummul-Khairi. Mahaifinta, Alhaji Badaruddeen, ɗan kasuwa ne daga Kano da ya tsufa a Abidjan, haƙoransa sun ƙare amma son namansa bai ƙare ba. Kullum ita ake aikowa. Yarinya ce mai baki, ba ta zuwa ta tafi ba ta tsokane shi ba. Shi kuwa sai ya amsa mata ta bayan hannu, idonsa a kan wuta.

Ranar nan ta karɓi ƙunshinta ta ƙi tafiya.

"Malam Labaran, wata huɗu ke nan ina magana da bayan hannunka. Don Allah sauke shi in ga mai shi."

Ya sauke hannun a hankali, ya ce, "To ga shi nan. Abin da Allah ya ba ni ke nan."

Ta dube shi sosai, ba ta kau da kai ba. Ta ce, "Ashe ma kana da kyau. Ni na ɗauka wani abu ne." Ta juya ta tafi abinta, ta bar shi tsaye har ƙunshi biyu suka ƙone.

Da ya aika neman aurenta, wasu 'yan uwa suka fara ƙananan maganganu. Alhaji Badaruddeen ya katse su. Ya ce mutumin da ya mayar masa da nama bakinsa bayan ya fid da rai, in 'ya'ya biyu ya nema ma zai ba shi. Aka ɗaura aure, suka kama ɗaki biyu a wani bene a Arras.

Suka haifi maza biyu, dukansu da haƙora kamar na doki, har ƙashi suke fasawa. Labaran ya yi ajiyar zuciya a asirce. Zalihatu ta ga waɗannan jikokin, ta goya su, sannan Allah ya yi mata rasuwa. Shekara guda bayan nan aka haifi mace, aka sa mata Bushira. Ita ce ta ɗauko goshinsa da tafiyarsa, ita ce mai zama a kan cinyarsa tana ja masa gemu.

Tana da shekara takwas haƙoranta na sama biyu, na gefen manyan gaba, suka faɗi. Labaran ya fara ƙirga kwanaki bai gaya wa kowa ba. Kullum da safe kafin ta tafi lekol sai ya kira ta.

"Zo nan 'yar Baba, in ga ko kin yi asuwaki da kyau."

Ta buɗe baki, ya leƙa, ya ce ta yi ƙoƙari, ta tafi. Shi kuma ya zauna a bakin gado. Da aka shekara abu bai fito ba, sai abinci ya fita ransa. Ya rame har wandonsa ya fara zamewa. A tukuba ya daina wasa da direbobi.

Ummul-Khairi ta zuba masa ido har ta gaji. Ranar wata Lahadi ta rufe ƙofa ta zauna a gabansa.

"Malam, ina ganin abin da kake yi kowace safiya. Ni ma ina da ido. Yarinyar nan ba ta damu ba tukuna, amma in ka ci gaba da yi mata wannan kallon za ta fara damuwa."

"Ni na ba ta," ya ce. "Duk abin da zan ba 'yata a duniya, sai wannan?"

"Ka ba ta goshi ma, ba ka yi kuka ba. Tashi za mu yi mu kai ta asibiti. Zamaninka ba a kai ka ba, ita za a kai ta."

Suka kai ta asibitin haƙori. Likitar wata doguwar mata ce mai farin gilashi, ba ta da gaggawa. Ta duba bakin Bushira, ta sa aka ɗauki hoton muƙamuƙinta, abin da suke kira radiyo. Ta ɗora hoton a kan fitila ta kira iyayen. Ta nuna musu yadda a ƙarƙashin kowane haƙorin yarinta ake ganin wani ɗan abu fari a kwance, kamar gyaɗa a cikin ƙasa, yana jiran lokacinsa. Sannan ta bi da bakin biro: nan babu, nan babu, nan ma babu. Guri bakwai.

"Ba za su fito ba," in ji ta. "Ba a shuka su ba tun farko. Tun yaro yana ciki ake dasa irin haƙora, har da waɗanda sai ya girma za su fito. Wani lokaci saƙon da ke cewa a dasa a nan ba ya isa. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba ciwo ba ne, ba kuma wani ne ya yi mata ba."

Tana maganar tana kallon Labaran, wanda hannunsa ke kan baki tun shigowarsu. Ta ce masa da Faransanci, a tausashe, ko zai yarda ta duba nasa. Yana da shekara talatin da tara, ranar ce ta farko da wani ya haska fitila a bakinsa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce abin gado ne, yana bin jini, yakan kama wani ɗa ya tsallake wani.

"Cikin iyayenka wa ke da shi?"

"Ba kowa," ya ce. "Ni kaɗai ne."

A bas, suna kan hanyar komawa, Bushira ta yi barci a jikinsa. Yana kallon ruwan lagun, babban tafkin da ya ratsa birnin, ta taga sai maganar likitar ta dawo masa. Mahaifinsa kam ya san haƙoransa, da su yake tsinke igiya. Mahaifiyarsa fa? Ya nemi fuskarta tana dariya a cikin ransa, duk inda ya juya sai ya ga mayafi. Shekara talatin yana tare da ita, bai taɓa ganin cikin bakinta ba.

Washegari bai kunna wuta ba. Ya shiga woro-woro, 'yar tasin da ake haɗa fasinja, ya tafi Williamsville wajen ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Hadijatu, wadda har lokacin tana zaune a tsohon gidan. Ya same ta tana tsince shinkafa. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaya.

Tsohuwar ta ajiye faifan. "Sai yau ka sani, Labaran?"

Ta ce tun a ƙauye haka Zalihatu take, ba ta da turame, kamar yadda mahaifinsu ba shi da su. Ta ce ƙarya ne wai nama ya ginshe ta, duk gidansu ba wanda ya kai ta son nama. In ta daka masa dambu, abin da ya maƙale a gindin turmi shi take kankarewa ta ci a bayan ƙofa. Ranar da ta gane abin ya bi ɗanta, nan ɗakin ta zo ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta roƙi a rufa mata asiri kada maigidan ya ce ita ta jawo.

"Baba bai sani ba ke nan?"

Inna Hadijatu ta yi dariya har da tafa hannu. "Mutumin da ya zauna da ita shekaru sama da ashirin? Mahauci, wanda aikinsa buɗe bakin dabba ya san shekarunta? Ya sani tun makon farko. Ita tana ganin bai sani ba, shi kuma ya bar ta a haka har ya mutu. Kai kana tsammanin naman da yake kawowa kullum marar jijiya, don kai kaɗai yake zaɓowa?"

Labaran ya daɗe a zaune a wannan tsakar gida. Da ya tashi tafiya bai shiga mota ba, ya taka da ƙafa har Adjame, nan ya hau bas. Ya isa gida ya ci tuwo malmala biyu, Ummul-Khairi tana kallonsa. Bayan ya wanke hannu ya kira Bushira, ya buɗe mata bakinsa duka, ya sa ta ƙirga. Ya gaya mata kakarta ma haka take, da mahaifin kakar tata. Yarinyar ta saurara, ta ce, "To Papa, mu nawa ne ke nan?" Ya ce huɗu da aka sani. Ta ce ba laifi.

Likitar nan ta riƙe Bushira shekara da shekaru. Ta koya mata kula da haƙoran yarintar da suka rage don su daɗe, ta sa mata wayar haƙori ta gyara tazarar, da ta girma aka cike giɓin gaba da haƙoran da aka ƙera. Wajen gwajin ne Bushira ta leƙa ɗakin da ake ƙera su, ta ga mutane a zaune da 'yan ƙananan wuƙaƙe da kakin zuma suna sassaƙa haƙori ɗaya-ɗaya. Ta dawo gida ta ce ta ga aikinta. Bayan sakandare ta yi karatunsa, ta sami aiki a wani ɗakin ƙera haƙora a nan Treichville.

Aikin farko da ta yi don kanta na mahaifinta ne. Lokacin na yarintar nasa duk sun zube, saura tara a bakinsa. Ya yi ta ƙi, yana cewa me tsoho zai yi da su. Ta ce ba tambayarsa take yi ba. Ta zaunar da shi ta cusa masa wani abu mai sanyi kamar ƙullun alkama a baki, ta ɗauki siffar dasashinsa. Sau huɗu tana kawowa tana komawa da su tana gogewa. Ana jibi Babbar Salla suka zauna daram.

Ranar Salla ya yanka ragonsa, ya yi tsire irin na mahaifinsa, mai ƙuli da yaji, wanda ake ci da zafinsa daga tsinke. Iyali suka kewaye shi kamar za a yi wasa. Ya ciza, ya ja, ya kai tsokar can ciki ya danna. Ya ji ruwan naman ya fashe masa a baki. Ya tauna, ya tauna, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe haka mutane suke ji," ya ce. "Shekara arba'in ina sayar musu da abin da ban sani ba."

Ummul-Khairi ta ce to a bar wa yara nasu, don ta ga ya kai hannu tsinke na biyar.

Sati guda yana zuwa tukuba da sababbin haƙora, yana gaisa da wanda ya sani da wanda bai sani ba. A rana ta takwas wani tsohon direba, Bajule, wanda ya fi shekara ashirin yana sayen namansa, ya dawo da ƙunshinsa a hannu.

"Labaran, ka canza mahauci ne?"

"A'a. Me ka gani?"

"Naman nan ya ƙi ni. Jiya ma haka. Matata ta ce in tambaya ko lafiya."

Labaran ya karɓa ya sa yanka a baki. Lafiya lau, laushi kamar kullum. Har ya buɗe baki zai yi musu, sai ya tsaya. Ya juya baya, ya zare haƙoran, ya sake gwadawa. Naman ya tsaya masa cak. Ya fashe da dariya har ya dafa tukuba. Awa ɗaya yake sauke nama kafin lokacinsa, sati guda cur, saboda ma'auninsa ya canza bai sani ba.

Tun daga ranar ya nemi wani ɗan gwangwani mai murfi. In zai fara aiki sai ya cire su ya wanke ya rufe, ya sa a aljihun gaba. Juma'a, da ɗaurin aure, da suna, da ranar da zai ci tsire, nan ne suke fitowa. Bushira ta ɗan ji haushi da farko, ta ce wata biyu ta yi a kansu. Ya ce mata ai shi ya sa ba ya son hayaƙi ya taɓa su.

A shekarar 2024, wata ranar Asabar, Bushira ta zo gidan da 'yarta Aisha Humaira, mai shekara bakwai, ta zauna kusa da shi da waya a hannu.

"Papa, ka ji abin da ake yi a Japan?"

Ta yi masa bayani a hankali, tana haɗa Hausa da Faransanci kamar yadda ta saba. Ta ce a cikin ƙwayoyin gado da mutum ke ɗaukowa daga iyaye akwai masu aika saƙo ga irin haƙori cewa ya tsiro, akwai kuma wata, ana ce mata USAG-1, wadda sinadarin da take haɗawa aikinsa tare wannan saƙon ne, kada abin ya wuce kima.

"Kamar birki ke nan," in ji Labaran.

"Kamar birki. An samu ɓeraye da ba su da shi, sai haƙora suka fito musu fiye da ƙa'ida. Shi ne masu bincike suka ce, to in aka ɗan saki birkin nan ga wanda irinsa ya tsaya a hanya, ko zai tsiro? Sun gwada a dabbobi, sun ga alama. Yanzu sun fara gwada maganin a jikin mutane."

"Wato ɓera ne zai yi mana hanya." Ya girgiza kai yana murmushi. "Mu ma birkinmu ne ya yi yawa?"

"Ban sani ba, Papa. Ƙwayoyin da ke wannan aiki suna da yawa, mu kuma ba a taɓa auna jininmu an ga wacce ce tamu ba. Maganin ma ba a san ko zai yi ba tukuna. In ya yi, yara suke so su fara taimaka wa, waɗanda aka haifa ba irin."

"Ni dai kada a kawo mini. In suka fito yanzu ina zan sa su in zan yi aiki?"

Suka yi dariya, amma idonsa yana kan Humaira, wadda ke kwance a tabarma tana zane, ga giɓi biyu a bakinta na famfara. Bushira ta ga inda yake kallo. Ta ce ta riga ta karɓi ranar da za a duba yarinyar a asibitin haƙori, kuma in yana so ya raka su.

Ya sa babbar riga, ya sa haƙoransa. Wannan karon ba fitila ba ce, a allon kwamfuta hoton ya fito, likitan kuma saurayi ne da bai kai ɗansa na fari ba. Bushira ba ta jira an nuna mata ba, ita ta fara gani. Guri uku, duk a can ciki. Na gaba suna nan suna tafe.

Humaira ta hau kujera ta kai hancinta jikin allon. Hausarta ba ta da yawa, sai ta tambaya da Faransanci ko ita ma irin su Kaka ce. Uwar ta ce e. Ta juyo ta tambayi kakan nasa nawa ne babu. Ya gaya mata. Ta yi lissafi da yatsu, ta ɓata fuska, ta ce ba a yi adalci ba, shi ya fi ta da yawa.

Likitan ya yi dariya har ya cire abin rufe bakinsa. Ya buga mata hoton a takarda ya ba ta. Litinin ta tafi da shi lekol, malamarsu ta manna shi a allo ta yi musu darasi a kai, Humaira tana tsaye da sanda tana nuna guraben uku.

Yanzu Labaran ya haura sittin da biyar. Gwiwa ta fara damunsa, don haka ɗansa na biyu ne ke zuwa mayanka da yankan nama, shi kuma yana zaune a kan doguwar kujera kusa da wuta. Amma ba a sauke ƙunshi sai an miƙo masa. Ummul-Khairi ta rage ɗinki saboda ido, takan sauko da yamma ta zauna a gefensa tana yanka albasa, tana gyara wa direbobi zancensu. Duk Asabar in Bushira ta zo, bayan gaisuwa tambayarsa ta farko ita ce ina labarin ɓerayen Japan. Takan ce ana nan ana gwaji, sai a yi haƙuri. Shi kuma ya ce Allah ya ba su sa'a, a gaishe su, sannan ya sa a kawo wa Humaira kujera.